Injin sal ya share min memuwar, kile ɗina kuma ya lalace a hannun ƙawata

Assalamu alaikum Tanti, ina wuni, ya zafi? Dan Allah ki ɓoye sunana da na makarantarmu. Ni ɗaliba ce a nan Damagaram, bana nake gama lisans, bani da kwamfuta tawa, duk aikin memuwar ɗina, wato kundin binciken gama karatu, a sal ɗin informatik nake yi in an tashi kur. Akwai wani inji kusa da taga da na saba zama, nan na buɗe dosiye da sunana a kan Bureau, babi uku na gama, wajen shafi 40. Ina da kile guda da nake kwafewa a kai amma ba kullum ba. Ranar Litinin na zo na kunna injin, wallahi wayam, ko sunana babu. Na je wajen mai kula da sal ɗin yace shi ba'a bashi ajiya ba, wa yace in bar aiki a inji. Nace to da sauƙi tunda akwai kile, sai na tuna yana hannun ƙawata ta ara taje buga ekspoze. Da ta maido na sa, duk dosiye sun koma masu 'yar kibiya a gindi, in na danna ba abinda nake gani. Raina ya ɓaci na mata faɗa gaban mutane har nace baƙin ciki take min, yanzu bama magana, alhali tun muna kolej muke tare, kabu-kabu ɗaya muke hawa. Ga kuma wani ɗan ajinmu da naji tsarin babinsa yayi kama da nawa, shima yana zama injin nan. Saura sati uku depo, ranar miƙa memuwar. Ban faɗa ma mushen da ke duba aikina ba, tsoro nake ji, Baba ma ban faɗa masa ba, shi da ya sha wahalar biya min kuɗin makaranta. Wani a sibar yace in kawo kile ya formate min zai dawo sabo. In kai masa? In kai ƙarar yaron? Ko in haƙura sai baɗi?

Wata ɗaliba daga Garin Malam

Wa alaikumus salam ɗiyata, sannu, wallahi na ji miki, shafi 40 ba wasa bane, balle wanda aka buga da yatsa biyu a cikin zafin nan ana jiran a tashi daga inji a baki waje. Amma kafin komai, dan girman Allah kar ki kai ma kowa kilen nan ya formate. Kar ki ƙara sa wani abu a cikinsa, kar ki ƙara danna masu kibiyar nan, ki ƙulle shi a jaka har sai kin gama karanta abinda zan faɗa miki. Ni a yadda kika kwatanta, zatona mafi ƙarfi shine aikinki na nan cikin kilen lafiya lau, ɓoye shi kawai akayi, formate ɗin da yaron sibar ke magana shine zai jefa ki cikin wahalar gaske.

Abinda kika gani birus ne da ya cika sibar da wuraren buga takardu, masu gyara suna ce masa birus rakursi. Mafi yawansu basa share komai. Suna sa ma dosiyenki na gaske alamar ɓoye ne ta yadda Windows bazai nuna su ba, sai su dasa na ƙarya masu suna iri ɗaya da 'yar kibiya, ke kuma kina dannawa shi yana shiga injin da kike kai, daga nan duk kilen da aka sa ya kwasa. Yadda zaki gane a minti ɗaya: ki sa kilen, ki danna shi da maɓallin dama na linzami, ki shiga Propriétés, ki duba wajen da aka rubuta Espace utilisé. In kinga har yanzu akwai mega masu yawa a cike alhali ke bakya ganin komai, to ki gode ma Allah, kayanki na ciki.

Fito da su kuma hanya biyu ce. Wadda nafi so miki, tunda ba taki bace kwamfutar, ki nemi ɗan ƙaramin haɗin nan da ake cewa OTG, mai baki ɗaya na salula baki ɗaya na kile, masu sayar da caja a Kasuwar Dole suna dashi, ki duba dai bakin ya dace da salularki. Ki haɗa kilen da salula mai Android ki buɗe wajen fishiye. Android bata kula da alamar ɓoyen da Windows ke bi, kuma birus ɗin Windows baya iya tashi a cikinta, dan haka sau da yawa dosiye suna fitowa fili. Wani lokacin zaki tarar ya tattara komai ya zuba a wani dosiye marar suna ko mai ɗan layi kawai a matsayin suna, ki buɗe shi ki duba. Ki kwashe naki kaɗai, masu ƙarewa da docx da pdf da hotuna, duk wanda kika ga ya ƙare da lnk ko vbs ko exe kuma ba ke kika sa ba ki bar shi nan. Hanya ta biyu sai da kwamfuta mai antibirus na kirki: a fara wanke kilen da antibirus, sannan a buɗe cmd, baƙar tagar nan da ake rubuta ma Windows umarni, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* a danna Entrée, wajen E ɗin a sa harafin da injin ya ba kilenki, wani F ne wani G. Wannan layin cire alamar ɓoye kawai yake yi. In bakya son taɓawa ki rubuta shi a takarda ki kai ma wanda ya iya, ki tsaya a kansa yayi a gabanki. Sai kin ga memuwar ɗinki ya buɗe, kin kwafe shi a wani waje, sannan ne za'a formate kilen, a lokacin ma ya kamata ayi.

In kuma aka yi rashin sa'a Propriétés ya nuna fanko ne, har yanzu ba'a gama ba, akwai Recuva da PhotoRec, duk kyauta ne, suna tono abinda aka share matuƙar ba'a rubuta wani abu a kansa ba, shi yasa nace kar ki ƙara sa komai. Abinda aka tono a ajiye shi a kwamfutar, ba a kan kilen ba.

Na injin kusa da taga kam, bazan ɓoye miki ba, fatan kaɗan ne. Yawancin sal irin naku ana sa musu wani shiri, wanda yafi suna shine Deep Freeze na kamfanin Faronics, aikinsa duk sanda aka kashe inji aka kunna ya maida shi daidai yadda mai kula ya barshi, duk abinda ɗalibai suka zuba ya tafi. Tunda naki ya daɗe a kan Bureau bai ɓace ba sai ranar Litinin, to ko dai ƙarshen satin ne aka sa irin wannan, ko aka sake zuba Windows gaba ɗaya, ko kuma wani yazo yaga Bureau ya cika ya share. Na ƙarshen ne mai sauƙi, ki leƙa Corbeille, kwandon da abinda aka share ke faɗawa. Ki kuma rubuta sunan fishiyen a wajen nema, ki buɗe Word ki duba jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan, ki duba ko injin nada ɓangare na biyu, D, saboda wasu masu kulan kafin su sake zuba Windows suna tura kayan ɗalibai can ko a wani faifai nasu. Wannan sai kin koma wajen mutumin, kuma ba da fushi ba. Ki gaishe shi, kice Malam dan Allah ba laifi nazo ɗora maka ba, so nake in san me akayi ma injin ko akwai inda aka tura kayan. Amsar da ya baki ba daɗi, ban goyi bayanta ba, da ya liƙa takarda a ƙofa sati ɗaya kafin ya taɓa injinan da duk haka bata faru ba. Amma ki duba nasa ɓangaren, mutum ɗaya ne da injina da ɗalibai ɗaruruwa ke hawa, wannan ya zuba fim, wancan ya zuba waƙa, kowane kile da nasa birus, in bai share ba gobe ku ɗin ne zaku ce inji baya tafiya. Injin sal allon aji ne ɗiyata, kiyi rubutu iya son ranki amma wanda ya shigo bayanki gogewa zai yi, dan haka abinda kike so sai kin kwafe kin fita dashi.

Kafin ki ce babi na uku ya tafi, ki zauna ki tuna duk inda aikin nan ya taɓa bi. Kin taɓa tura ma mushe wani babi ta WhatsApp ko imel? Yana nan a cikin abinda kika tura. Kin taɓa bugawa a takarda ya miki gyara da jan biro? Ki ɗauki hoton kowane shafi da haske mai kyau, ki ɗora a Google Drive daga kwamfuta, ki buɗe hoton da Google Docs, zai fiddo miki rubutun sai ki bi ki gyara kurakurai, yafi sake bugawa daga farko nesa ba kusa ba. Wajen da kika je bugawa ma ki koma, masu shagunan nan sau da yawa suna kwafe fishiye a injinsu kafin su buga su manta basu share ba, abin haushi ne a wani lokacin amma yau zai miki rana. Ga kayenki, ga takardun tambayoyin da kika raba in kinyi ankete. Sati uku ya isa wanda ya riga ya san abinda zai rubuta, karo na biyu baya cin rabin lokacin na farko saboda tunanin kin riga kin gama shi. Maganar bari sai baɗi ki cire ta a ranki.

Mushe kuma gobe zaki same shi, ba jibi ba. Na san tsoron, kina ganin zai ce sakaci kikayi ko ƙarya kike dan baki yi aikin ba. Wataƙila yayi faɗa, to sai me, faɗan minti biyar ne. Ba ke ce ta farko da ta zo masa da wannan labarin ba. Abinda ke ɓata musu rai shine ɗalibi yayi shiru sai saura kwana biyu ya zo yana kuka, a lokacin ba abinda zai iya. Kije da kayenki da duk takardar da ya taɓa gyara miki, ki faɗa masa abinda ya faru a taƙaice, abinda kika samo, da ranar da zaki kawo masa kowane babi. In akwai ɗan ƙarin lokaci da za'a iya baki, ta hannunsa zai fito.

Yanzu ƙawarki. Anan ɗiyata ke ce da bashi. Birus ɗin nan baya buƙatar mutum yayi komai, kile na shiga injin da ke ɗauke dashi ya kama, ita bata ma san anyi ba, ta buga ekspoze ɗinta ta zare ta sa a jaka. Kuma ki tuna kilen nan ke da kanki kin sha sa shi a injinan sal da na masu buga takardu, ko ita bata ara ba wata rana hakan zata faru a hannunki. Mai baƙin ciki ai cewa zatayi ya faɗi a hanya, bazata maido miki ba. Na san a lokacin ba ita kike ma faɗa ba, babi uku na wahala ne suka taso miki a wuya ita ce a gabanki, amma ita abinda taji shine ƙawarta ta tun kolej ta kira ta 'yar baƙin ciki mutane na kallo, wannan yana da zafi. Kar ki tura mesaj, kije gidansu da yamma, ki gaida Innarta, ki ja ta gefe kice kiyi haƙuri na zalunce ki. Tunda gaban mutane akayi, ki bari mutanen su gan ku tare, ko a aji ki faɗa da bakinki cewa birus ne ba ita ba. In bata sake nan take ba ki bata lokaci, hakkinta ne. Kuma ki gaya mata kilenta da injin da ta je duk a duba su, shima mai shagon a sanar dashi. Nan gaba in wata ta nemi aron kile, kilen memuwar baya fita daga hannunki, ba rowa bace, ki ce ta turo fishiyen ta WhatsApp ko Xender, ko ki ajiye wani tsoho daban wanda aikinsa kenan yawon shagunan bugawa, ba'a barin komai mai muhimmanci a kansa.

Maganar yaron nan ki taka a hankali. Kince ji kikayi tsarin babinsa yayi kama da naki, baki gani ba. 'Yan aji ɗaya, malamai ɗaya suka koya muku yadda ake tsara memuwar, kusan kowa da gabatarwa da bitar abinda aka rubuta da hanyar bincike yake farawa, kamar tsari kaɗai ba hujja bace. Eh zai yiwu ya kwafa, dosiye a kan Bureau da sunanki ɓaro-ɓaro duk wanda ya zauna zai iya buɗewa, amma kin riga kin zargi mutum ɗaya a satin nan ba hujja, kar ki ƙara na biyu. Abinda zai kare ki shine kwanan wata. Duk babin da kika taɓa turawa ta imel ko WhatsApp yana ɗauke da ranar da aka tura, takardar da mushe ya gyara da hannunsa ma shaida ce. Sunan marubuci da Word ke sakawa a cikin fishiye kar ki dogara dashi, injin sal suna ɗaya yake ba kowa. Idan kinje wajen mushe ki ce masa kawai, aikina ya daɗe a inji a buɗe, ina tsoron kar wani ya ɗauka, ga shaidar abinda na rubuta da ranakunsa, ba sai kin kama suna ba. In an kwafa zai fito ranar sutnans, ranar kare aiki gaban malamai, wanda bai yi aiki ba tambaya biyu ke kada shi.

To daga yau ya zaki dinga yi, tunda dai sal ɗin zaki koma? Masu harkar kwamfuta suna da ƙa'idar da suke cewa 3-2-1, wato kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani waje daban. Ke naki fassarar mai sauƙi ce, kile da salula da intanet, injin sal baya cikin lissafi sam. In kinzo ki kwafe fishiyen daga kile zuwa inji kiyi aiki a can, kar kiyi rubutu kai tsaye a kan kile, dan in aka ɗauke wuta yana tsakiyar ajiyewa fishiyen kan iya lalacewa, kin kuwa san yadda wuta take a watannin zafi. Yatsanki ya saba da Ctrl da S, duk sakin layi ki danna. Word na ajiye na ko-ta-kwana da kansa duk minti 10 in ba'a canza ba, zaki iya maida shi minti 2 a Options wajen Enregistrement, amma a injin da aka daskarar da Deep Freeze ɗin nan wannan ajiyar ma tafiya take in an kunna, dan haka duk rabin awa ki tura kwafi kan kile. Kuma kar ki dinga danne fishiye ɗaya kullum, ki danna F12 ki bashi sabon suna da kwanan wata, memoire_14mars, gobe memoire_15mars, ranar da na yau ya lalace na jiya na nan. Banda irin sunan nan final, final2, vrai final, ranar depo zaki rasa wanne ne wanne.

Kafin ki tashi, minti biyar na ƙarshe na ajiya ne ko ana kiran sallah ko mai kabu-kabu na jira. Ki rufe Word, ki kwafe a kile, ki buɗe na kan kilen ki tabbatar shine sabon, ki danna Éjecter kafin ki zare. Sannan ki share naki daga injin, Bureau da Téléchargements duka, ki riƙe Maj ki danna Suppr dan kar ya zauna a Corbeille wani yazo ya ɗauka. Ki sani kuma abinda aka share daga kan kile shi baya zuwa Corbeille, tafiya yake kai tsaye, dan haka a kan kile ki duba sau biyu kafin ki share.

Na intanet, na san abinda zaki ce, kuɗin forfe. Memuwar mai shafi 40 in rubutu ne zalla sau da yawa ko mega ɗaya baya kaiwa, bidiyo ɗaya na status da kike kallo ya fi shi ci. Duk mai Gmail yana da giga 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa, OneDrive na Microsoft na bada giga 5, Dropbox giga 2. Mafi sauƙi ki tura ma kanki imel da fishiyen a maƙale, Gmail na ɗaukar har mega 25, kin samu ajiya kin kuma samu shaidar kwanan wata a lokaci guda. Telegram ma nada wajen Messages enregistrés, yana ɗaukar fishiye har giga 2 kuma a wajensu yake zama ba a salula kaɗai ba. Wanda nake so ki kula dashi shine WhatsApp, 'yan mata da yawa tura ma kansu suke suce sun ajiye, amma shi saƙonninsa a cikin salular suke zama, in aka sace ta ko ta faɗa ruwa kuma baki kunna ajiyarsa ta Google Drive ba, to sun tafi tare. Ki ɗauke shi hanyar wucewa ba rumbu ba.

Ni da zaki bi tawa ma, kar ki buɗe Gmail ɗinki a injin sal ko kaɗan. Ki taho da wayar caja mai ɗaukar data, ki haɗa salula da inji, ki zaɓi Transfert de fichiers, ki jefa fishiyen cikin salula, in kin samu rezo a gida ko a hanya ki tura daga can. In kuma dole sai kin buɗe, to a tagar sirri, Ctrl da Maj da N a Chrome, in ya tambaya ko ya riƙe miki kod kice a'a, in kin gama ki fita daga akawun ɗin sannan ki rufe tagar. WhatsApp Web ma haka, wallahi an sha zama a inji a tarar da hirar wata a buɗe da hotunanta, a garin da kowa ya san gidan kowa kin san abinda hakan ke jawowa. In kin manta baki fita ba, daga salula ki shiga Appareils connectés ki cire injin, a Google ma akwai irinsa a ɓangaren Sécurité. Wasu suna buɗe Gmail na biyu na makaranta kaɗai, dabara ce mai kyau, ki dai dinga leƙa shi dan Google na iya share akawun ɗin da aka bari shekara 2 ba'a taɓa ba, kuma lambar da kika yi rajista da ita kar ki bari layin ya mutu. In kina son ko kilen ya faɗi kar a karanta, Word na iya kulle fishiye, Fichier, Informations, Protéger le document, Chiffrer avec mot de passe, sai dai in kika manta kod ɗin ba mai buɗe miki, ki rubuta shi a wani waje a gida, kuma wanda zaki ba mushe ki cire masa.

Kile kansa ki lura wajen saye, akwai na jabu da za'a rubuta giga 64 ko 128 a jiki a sayar miki da arha, alhali cikinsa kaɗan ne, zai karɓi kaya yana nuna komai lafiya sai ranar da kika zo buɗewa. Ana gwada shi da wani ɗan shiri na kyauta H2testw. Ke giga 8 ko 16 na gaske ya ishe ki har masta. Ki sa masa igiya, ki rufe bakinsa saboda ƙura, kar a barshi a rana.

Wannan ba matsalarki ke kaɗai bace, in kika tambaya a aji zaki ji masu irin labarin. Bayan depo ku sa delege ya samu masu makaranta da buƙata ƙanana waɗanda basa cin kuɗi: takarda a bango da ke cewa inji baya riƙe aiki, sanarwa kafin ranar share injina, da ɓangaren D da za'a bari ba'a daskarar ba, shi Deep Freeze ɗin ma ya tanadi irin wannan wajen. In suna da ƙarfin hali su ba kowane ɗalibi sunansa da kod ɗinsa na shiga, a ware inji ɗaya ya zama ma'ajiya ta cikin gida, wannan ko intanet baya buƙata, wayoyin da suka haɗa injinan sun isa. Google da Microsoft duk suna da tsarin kyauta na makarantun da suka cika sharuɗɗa, mai kula da sal ɗin zai san zancen, ku ja shi a jiki ya zama naku maimakon ku kai ƙararsa.

Baba kuma ba sai kin tada masa hankali yau ba, ki fara duba kilen ki ga mushe, sannan ki bashi labari da abinda kika riga kikayi a kai. Kar ki buɗe da maganar sayen kwamfuta yanzu. A sati ukun nan salularki da OTG ɗin nan da kibod na kwamfuta ko na aro ne sun isa kiyi rubutu da dare a Google Docs ko WPS Office, da safe ki je sal ki gyara tsarin shafi da tebur. In Allah ya hore daga baya, ko ta adashi ko in bursu ta fito, ta hannu ma ta wadatar, ki dai tafi da wanda ya sani, a zare caja a gabanki a ga batirin na riƙe awa nawa kafin ki miƙa ko jika ɗaya.